Tsanwakar Gidimuni da Bangon Alhaji

Wani Alhaji da ya gina masaukin baƙi a Damagaram ya so a ƙawata ɗakin cin abinci da manyan hotunan tsuntsayen yankin, kowanne santimita 60 a 90. Ya ce ba ya son na intanet, irin su dawisu da aku na ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Burinsa baƙon da ya sauka daga Yamai ko Kano ya ɗaga kai ya ga abin da ke dajinmu. Ya ba wani matashi aikin, wanda ya yi suna a hoton biki da na suna tsakanin Birni da Zango. Ya miƙa masa takarda ɗauke da sunaye: tsanwaka, mulufi, shamuwa, gauraka, shaya, asisi, alhudahuda. Ya haɗa masa da kafin alƙalami da kat-kat da direba, ya ce yana son kayansa kafin ƙarshen Janairu.

Tun daga takardar nan aikin ya fara karkata. Alhaji ya rubuta sunayen ne daga abin da ya tuna na ƙuruciyarsa a gona, ƙuruciyar gona kuwa damina ce. Shamuwa tana zuwa mana gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a itatuwan gari, ruwa na ɗaukewa ta kama hanyar kudancin Afirka. A Janairu ko gashinta ba a gani a nan. Namijin mulufi ja ne da baƙi a lokacin kiwo da ƙwai kaɗai, sa'ad da hatsi ya yi tsawo. Da rani yana zubar da wannan gashi ya koma ruwan ƙasa kamar matarsa, har wanda bai sani ba ya wuce shi yana zaton wani ɗan tsuntsun ciyawa ne. Gauraka kuma ta yi ƙaranci ƙwarai, sai mutum ya yi sa'a. Wato kusan rabin odar ba ta samuwa a watan da aka ba da ita, kuma matashin bai tambayi kowa ba. Ko tsohon manomi ɗaya ya tsayar a Mirya, da ya gaya masa.

Ya zaɓi tabkin Gidimuni, kuma a nan bai yi kuskure ba. Garin yana kan babbar hanyar gabas mai zuwa Gure, kimanin kilomita 70 daga Damagaram idan an wuce Mirya. Ruwan tabkin yana kaiwa rani, ga dabino da lambuna kewaye da shi, ga kacala a gefe. Tun 2019 yana cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare dausayi. Janairu kuma wata ne da tsuntsayen ruwa masu gudun sanyin Turai suke cika irin waɗannan tabkuna. Sai dai waɗannan baƙin yawancinsu toka-toka ne da fari, ba su ne masu kalar da Alhaji ke nema ba.

Kayan aikinsa kayan biki ne: kamara mai megafiksel 24, da zum mai kaiwa milimita 300, wanda idan an ja shi ƙarshe ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6. Ya bar kamarar tana yanke wa kanta hukunci kamar yadda ya saba, tana ajiye hotuna a JPEG. Sun tashi daga gari bayan karin kumallo, suka isa rana ta riga ta ɗaga, a ranar da hazo ya rufe sama. Sun je sun gai da mai gari kafin a fito da kamara, wannan kam ya kyauta, don doguwar kamara a bakin lambun mutane a zamanin nan ba abin wasa ba ce. Sun kwana can, suka dawo washegari da hotuna barjat.

An zauna tace su a shagon wani dattijo a Zango, tsohon mai hoto ne tun zamanin wanke fim a ɗaki mai duhu, wanda a hannunsa matashin ya koyi sana'a. An gayyato wani ma'aikacin gandun daji da ya san tsuntsaye. Ni ma ina wurin, kuma abin da ke biye daga wannan zama ne.

Kaso mafi yawa ya faɗi ne a kan nisa. A fuskar kamara, da aka zuƙo, tsanwaka ta yi kyau. A kan kwamfuta sai ta zama ɗan shuɗin ɗigo a saman gawo. Lissafin ba shi da wuya. Tsanwaka tsawonta kamar santimita 30 ne, ban da dogayen gashin wutsiya guda biyu. Idan tana nesa da mita 30, gilashin milimita 300 zai zana ta a milimita 3 kacal bisa sansa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kamara, wadda faɗinta bai kai milimita 24 ba. Cikin fiksel 6000 na faɗin hoton, rabonta bai kai 800 ba. Hoton da za a buga a santimita 90 ko ba a yanke komai ba fiksel 170 yake samu a kowane inci, wanda ya isa ga abin da za a kalla daga teburi. Amma idan aka yanke gefe da gefe don tsuntsuwar ta cika takarda, abin da ya rage ba zai kai 50 ba, sai dusu-dusu. A mita 10 kuwa tsuntsuwar nan za ta ci fiksel sama da 2000. Dattijon ya ce, "Ɗana, a biki in amarya ta yi nisa kana cewa a matso da ita. A nan wa ka aika?"

Matashin ya ce duk sa'ad da ya sauka daga mota ya nufi tsuntsu sai ya tashi. Ma'aikacin gandun dajin ya ce ai saukar ce matsalar. Tsuntsayen bakin hanya sun saba da mota da amalanke, mutum a tsaye yana nufo su kai tsaye shi ne abin tsoro, don yaro mai danƙo haka yake zuwa. Da ya zauna cikin motar, aka kashe inji, ya ɗora zum a kan taga bisa ɗan buhun gero, da ya fi samun kusanci. Tsanwaka kuma tana da wurin zama: takan hau ƙololuwar icce ko waya, ta sauko ta cafke fara, ta koma. Wanda ya gane reshen zai iya zama kusa da shi ya jira.

Kaso na biyu sun fi ba da haushi, don a cikinsu an samu kusancin. Tsuntsu a kan reshe, bayansa farar sama, shi kuma ya fito baƙi ƙirin. Ma'aunin hasken kamara yana ɗaukar duk abin da ya gani ya mai da shi tsaka-tsaki. Da ya ga sama fara fat ta cika hoton, sai ya rage haske don ta koma toka, tsuntsun da ke tsakiya ya nutse. Maganinsa ƙara haske da mataki ɗaya ko biyu da hannu, ko kuma, wanda ya fi, a sauya wurin tsayuwa har bayan tsuntsun ya zama ganyen dabino ko tudun yashi. Hazon hunturu, wanda yawancin ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta, yana ƙara dagula abin: yana wanke shuɗin sama, yana sa duk abin da ke nesa ya yi fari-fari, kuma da tsakar rana zafin da ke tashi daga yashi yana sa hoto rawa ko da saiti ya zauna daidai. Ba laifin gilashi ba ne, iskar da ke tsakani ce.

Na tsuntsaye a sama ba mu daɗe a kansu ba. Kamarar ta zaɓi ƙiftawa 1/250 na daƙiƙa, abin da ya ishi ango yana murmushi. Fiffike yana son 1/2000 ko fiye, ko da za a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, zuwa 1600. Duk an share su.

Inda aka daɗe shi ne kan kala, don ita Alhaji ya saya. Matashin ya rantse cewa shayar da ya gani a bakin rijiyar lambu tana walƙiya kore da shuɗi da shunayya, amma a hoto ta zama baƙar tsuntsuwa mai jan hankali kaɗan. Ya ɗora laifin a kan kamara. Ma'aikacin gandun dajin ya ciro wani gashin tsanwaka da ya tsinta, ya ajiye a tafin hannu a bakin ƙofa: shuɗi ne garau. Sannan ya ɗaga shi tsakaninmu da rana, sai shuɗin ya ɓace, ya bar wani abu mai duhu ruwan ƙasa. Babu shuɗin rini a cikin gashin. Abin da ke akwai wasu ƙananan ramukan iska ne a jikinsa, waɗanda ido ba ya gani, su ke mai do da shuɗin haske su bar saura ya wuce. In hasken ya zo daga bayan tsuntsu, babu abin da zai dawo wurinka. Ita shaya nata ya fi tsanani, don ƙwayoyin baƙin da ke cikin gashinta a jere suke hawa-hawa, kalar tana sauyawa da kowace juyawa. Duk wanda ya taɓa riƙe baƙin rawani da ya sha bugu ya san wannan: ka karkata shi ya yi ƙyalli, ka mai da shi ya koma baƙi. Saboda haka ga irin waɗannan tsuntsaye wurin da rana take ya fi tsadar kamara muhimmanci. Rana ta kasance a bayan mai hoto, tana ƙasa-ƙasa, inuwarsa tana nuna tsuntsun. A Janairu a nan rana tana fitowa wajen ƙarfe 7 saura, kuma zuwa ƙarfe 9 an gama cin moriyarta. Shi a ranar farko lokacin yana kan gudron, a rana ta biyu kuma ya tsaya yamma da lambun yana fuskantar gabas.

Jan kala hanyarsa daban. Jan mulufi rini ne na gaske, wanda jikin tsuntsun ke sarrafawa daga abin da yake ci, ba ya ɓacewa don an juya. Hatsarinsa a kamara shi ne ya cika ya tumbatsa, gashi ya narke ya zama jan fenti babu zare ko ɗaya. Mulufi dai ba a samu ba, amma an ga wannan ciwo a kumatun asisi da ƙirjin ɗan jan tsuntsun nan baiwar Allah, kuma a nan hannun matashin ne ya yi ɓarnar. Da ya ga hotunan sun yi fari-fari sai ya shiga manhajar gyara ya ja ma'aunin kala har ƙarshe. Asisi, wanda shuɗinsa mai sanyi ne, ya koma kalar robar shan ruwa. Yashin Gidimuni ya zama lemo. Da yake JPEG ne, wanda kamara ta riga ta matse ta zubar da yawancin bayanan, samar ta rarrabu layi-layi. Da RAW ya ɗauka, wanda ke ajiye bayanan hoton ba a matse ba, da an iya cire ɗan hazon a tsanake ba tare da an ƙona ja ba. A ganina wannan gyara ya fi duhun hoto muni, domin duhu gazawa ce kawai, shi kuwa wannan asisin babu shi a dajin Damagaram ko na wani wuri. Masu biki sun koya wa masu hotonmu cewa a ƙara haske a ƙara kala kowa ya yi murna, kuma a biki babu wanda aka cuta. A bangon da aka ce zai nuna wa baƙo tsuntsayen ƙasa, ƙarya ce.

Akwai wanda ya tsira, kuma dattijon ne ya tsamo shi daga cikin waɗanda matashin ya yi niyyar sharewa. Ɗan koren tsuntsun nan ne mai cafke zuma da mazari a iska, mai baƙin layi a ido da siririyar wutsiya. An ɗauke shi da la'asar sakaliya, matashin ya gaji ya zauna a ƙasa jikin wani shinge, tsuntsun ya yi ta komawa kan ƙaya guda kusa da shi. Kamara tana daidai da idonsa, bayansa kacala ce can nesa ta narke ta zama kore mai laushi, ga ɗigon haske a ƙwayar ido, ga ƙwaro a baki. Matashin ya raina shi don tsuntsun yana gefe kuma ba ya cikin takardar Alhaji. Dattijon ya ce gefen da yake shi ne daidai, tunda an bar masa fili a inda yake kallo. Alhudahuda ɗaya ma ta samu shiga, tana caccakar ƙasa a gindin dabino, ko da yake tukkunta a kwance yake, kuma wani kara ya gitta wutsiyarta.

Sai aka zo kan hoton da matashin ya ɓoye har ƙarshe, wanda yake taƙama da shi. Tsanwaka ce ta cika fuska, kowane gashi ana ƙirga shi, bayanta ruwan ƙasa, fiffike shuɗi mai duhu, haske ya zauna daram. A ma'aunin sana'a babu abin cewa. Dattijon ya yi shiru yana kallo, ya ce a zuƙo ƙafa. Ma'aikacin gandun dajin kuwa bai jira ƙafa ba. Ya nuna baki a buɗe alhali da safe ne cikin sanyi, ba zafi ke sa ta haki ba. Ya nuna fiffike ɗaya da ya ɗan zube, da gashin wutsiya guda da ya karye, da gashin ƙirji da ya cukurkuɗe kamar an riƙe shi a hannu. Reshen da take kai ma yankan wuƙa ne a ƙarshensa. Da aka zuƙo ƙafar hagu, sai ga wurin da aka goge wani abu, ɓawon icce ya maimaita kansa sau biyu.

"Ɗana, zare ne ko igiya?"

"Zare ne, Baba."

Wasu yara ne suka ga yana wahala, suka ce za su kawo masa. Suka kawo ta da safe, ya ba su dala ɗari, aka ɗaure ƙafarta a reshe, ya ɗauka, aka kwance ta. Ya ce da idonsa ya ga ta tashi, don haka bai ga wanda aka cuta ba.

Hujjarsa ba ta banza ba ce, kuma ya kamata a ji ta. Yaran karkara suna kama tsuntsu ko da mai hoto ko babu, wannan ma ta tsira da ranta. Yana da wa'adi, ya ci kuɗin mutum, kuma ba shi da gilashin milimita 600 na Turawa masu yawon daji. Amma ma'aikacin gandun dajin ya tambaye shi abin da ya faru kafin su taso. Ya amsa cewa yaran sun dawo da wasu tsuntsayen, har da wanda ba ya iya tsayuwa, suna neman ciniki. To, nan ne maganar take. Dala ɗari a hannun yaro kasuwa ce aka buɗe, kuma duk mai kamarar da ya sauka a garin bayan shi za a tare shi da tsuntsu a hannu. Wanda aka saki ma ba a san kwanansa ba, don tsanwaka da fiffike take ci, in ya rauna ba ta kama fara. Ƙasar nan tana da dokar farauta da kare namun daji tun 1998, kuma kama dabbar daji ba abin da kowa ke yi yadda ya ga dama ba ne. Ma'aikacin bai yi barazana ba, ya dai ce shi ba zai sa hannu a ce wannan hoton daji ne ba.

Dattijon ta wata fuska ya zo. Ya ce shekarun da ya yi a situdiyo sun koya masa bambanta wanda ya zauna don kansa da wanda aka zaunar. Yaron da aka tsawata wa kafin a ɗauka, ko an wanke hoton da ruwan zinariya, uwarsa za ta gane. "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Manomin da zai shigo cin tuwo a wurin Alhaji ya fi mu sanin yadda tsanwaka ke zama." Ina tare da shi a nan. Tsanwaka mai lafiya a miƙe take, ƙirji a gaba, ido yana bincikar ƙasa. Ta hoton nan a takure take tana kallon mai kamara. Kaifin hoton ma shi ya tona asirin, da ya yi dusu-dusu da ba a ga komai ba.

Alhaji da aka kai masa bayani bai ji daɗi ba. Ya ce shi kala ya biya, kuma cikin baƙinsa babu mai zuwa da madubin likita ya duba ƙafar tsuntsu. Ya ma kawo shawarar a je gidan wani mai hali da ke kiwon gauraka a tsakar gida a ɗauko ta a huta. Matashin, wanda zuwa lokacin ya sauko, ya ce, "Alhaji, in an yi haka sai dai a rubuta a ƙasa cewa ta gida ce." Alhaji ya ce wa zai rataye wannan.

Abin da aka tsaya a kai bai gamsar da kowa duka ba. Ɗan koren tsuntsun za a buga shi a cikakken girma. Alhudahuda da baiwar Allah, bayan an mai da kalarsu yadda take, za su fita a santimita 30 a 45, don abin da fikselinsu zai ɗauka ke nan. Matashin zai koma Gidimuni ya kwana, ya kasance a gabashin lambun kafin fitowar rana, da RAW, da buhunsa a taga, saboda tsanwaka da shaya. Gurbin mulufi da na shamuwa za su jira Agusta, an toshe su da hotunan duwatsun Birni da ƙofar fada, waɗanda dama yana da su. An cire gauraka daga takarda. Man mota na komawa kuwa an yi ta ja, daga ƙarshe aka raba biyu, rabi daga cikon kuɗin matashin.

Hoton tsanwakar mai zare bai mutu ba. Tun daren da suka dawo matashin ya tura wa Alhaji ta WhatsApp don ya nuna aiki na tafiya, Alhaji kuma ya watsa wa abokansa. Ya nemi a ba shi na asali, matashin ya hana. Ya kai na wayarsa wurin masu bugawa, suka ce WhatsApp ya matse shi, a santimita 90 ba zai yi kyan gani ba, sai dai ƙarami. Ya sa an buga masa ƙaramin, yana kan teburin karɓar baƙi.